Ƙugun da Ya Ƙi Durƙusawa

Da ƙarfe bakwai da rabi na safe, Takalafiya ta ɗaga ƙafar hagun Injiniya Tanimu Sallau, ta miƙa ta gaba, ta ajiye diddige, ta mirgina nauyin jikinsa zuwa kan yatsu. Kafin ƙafar dama ta ƙarasa nata takun, na'urar ta riga ta auna santsin gadar gilashin da yake bi da ƙarfin iskar da ke kaɗawa a hawa na tamanin, ta shirya taku na gaba. Sau dubu tara take wannan aiki kullum, kuma kwana arba'in da biyu ke nan ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Injiniya, jiki ya yi kyau," in ji wani ma'aikaci da suka yi kiciɓis a tsakiyar gada.

"Alhamdu lillahi," in ji Tanimu, ya wuce yana taku ɗai-ɗai kamar saurayin da zai je zance.

A jikin benen da ke fuskantarsa akwai wani allo mai tsawon hawa goma, yana nuna shi yana haura matakala da gudu, an rubuta a ƙasa: KWANA UKU DA TIYATA. Duk Katsina ta Sama, wato birnin benayen da aka gina gabas da tsohon gari, babu wanda bai san hoton nan ba. Shi kuwa mai hoton, in ya zo daidai wurin sai ya sunkuyar da kai, mutane su ce kai, Injiniya akwai tawali'u. Ina tawali'u? Kunya ce take cin sa.

Takalafiya gaɓar ƙugu ce ta ƙarfe, kuma Tanimu ne ya ƙera ta bayan shekara goma sha ɗaya yana fama. In amosanin gaɓɓai ya cinye wa mutum mahaɗar ƙugu, likita kan yanke kan ƙashin cinyar da ya lalace, ya dasa ƙwallon titaniyam a madadinsa, ya kafa masa sabon kwarmin da zai riƙa juyawa a ciki. Wannan tsohon aiki ne, tun zamanin kakanni ake yin sa. Abin da Tanimu ya ƙara shi ne jijiyoyin roba guda shida da suka kewaye gaɓar, masu miƙewa da tsukewa da lantarki, da majiya, wato 'yan ƙwayoyi masu auna ƙarfin tsoka, da kuma ƙwaƙwalwar da ba ta fi ƙwallon dabino ba. Tana magana da mai ita ta wani maɓalli da ake liƙa masa a bayan kunne.

Hanya biyu take aiki. Akwai rakiya: majinyaci ne ke takawa da tsokarsa, na'ura tana biye, in ya yi kamar zai faɗi ta tare shi. Akwai kuma goyo: na'ura ce ke yin komai, tsoka ta kwanta ta yi barcinta. An yi goyo ne don ranar gobara ko wani hatsari, minti goma ya isa. Bayan waɗannan akwai takunkumi. Sabon ƙugu, in aka lanƙwasa shi ya wuce zaman kujera alhali tsoka ba ta yi ƙwari ba, ƙwallon yana iya ficewa daga kwarminsa, a koma gidan jiya. Saboda haka na'urar ba ta barin mutum ya tsuguna, ko ya durƙusa, ko ya sunkuya ƙasa, sai majiya sun shaida tsokarsa ta kai saba'in cikin ɗari. Tanimu da hannunsa ya rubuta wannan doka, ya kulle ta yadda ko shi ba zai iya buɗewa ba. A lokacin har tinƙaho yake da ita a gaban ɗalibansa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kwana arba'in da biyun nan duk a goye Injiniya yake.

Yadda abin ya fara kuwa shi ne, da ciwon ya kama shi shi kansa yana da shekara hamsin da takwas, sai ya ce maƙeri shi ya kamata ya fara ɗanɗana ƙirarsa. Aka yi tiyata lami lafiya. Abin da bai shirya masa ba shi ne washegari. Sista Asabe, mai gashin ƙashi, wata doguwar mata da ba ta san wargi ba, ta turo masa ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu ta ce ya tashi. Ya tashi. Taku uku ya yi cikin minti ashirin, gumi yana zuba, rigar asibiti a buɗe ta baya, baki yana sakin wani nishi da bai san yana da shi ba. Da ya ɗaga kai sai ya ga ɗalibansa bakwai da suka zo dubiya, tsaye a bayan gilashi, kowa yana neman inda zai kai idonsa.

Daga nan dokoki suka biyo baya. Kar ya harɗe ƙafa. Kar ya kwanta sai da matashi tsakanin gwiwoyi. In abu ya faɗi ƙasa ya bar shi nan. Salla a kan kujera. Matarsa Baraka, wadda shekara talatin ba ta taɓa ganin ya nemi a miƙo masa ko hula ba, ita ce ta koma sa masa wando, ita ke wanke masa ƙafa wurin alwala, ita ke tsayawa a ƙofar banɗaki tana cewa, "Baban Zulai, lafiya dai?" Ba ta taɓa ɓata fuska ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Da ma ta yi tsaki sau ɗaya, da ya samu abin jin haushi ya huta da jin kunya.

Sai motsa jiki, sau uku a rana.

"Matse tsoka," in ji Sista Asabe. "Riƙe. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Saki. Yanzu jawo diddige."

"Sista, ni fa na ƙera abin nan da ke jikina."

"Ƙarfen ka ƙera, Injiniya. Naman kuwa ba kai ka yi shi ba, sai ka bi shi a hankali. In ka riƙe wannan, kwana arba'in zuwa arba'in da biyar takunkuminka zai buɗe da kansa. Jawo diddige."

Rana ta uku aka ce shugabannin kamfanin da yake wa aiki suna tafe, har da masu ɗaukar hoto. Tanimu ya dubi ƙarfen dogarawa, ya dubi rigar asibiti, ya tuna idon ɗalibai. Ya kai yatsa bayan kunne ya ce a hankali, "Goyo." Iyakar minti goman nan ba a kulle take ba, nan take ya cire ta. Baƙi suna shigowa suka tarar da shi tsaye cikin babbar riga. Ya zaga ɗaki, ya fita baranda, da ya ga ana tafi sai ya haura matakala da gudu. Kafin la'asar hotonsa ya hau allo.

Ya ce gobe zai koma rakiya. Da gobe ta yi ya ce jibi. Ya sallami Sista Asabe da cewa na'ura za ta riƙa sa shi motsa jikin. Kuma a Katsina ta Sama ƙarya irin wannan tana da wurin kwanciya, don ba mai zama a ƙasa. Ko'ina kujera ce, ko'ina lif ne, gaisuwa kuwa a miƙa hannu a wuce. Salla kaɗai ke neman tona shi, sai ya riƙa rufe ƙofar ofis ya jawo kujera. Juma'a shida yana kawo uzuri, shi da sahun gaba ya san shi. Kullum da safe kuwa muryar na'ura takan gaya masa gaskiya a kunne, ba ƙari ba ragi: "Ƙarfin tsoka, talatin da ɗaya cikin ɗari. Jiya talatin da biyu ne."

Ranar da muke magana a kai, yana isa ofis sai ga kiran Yaya Kulu, 'yar Baffansa, wadda ta girme shi da shekara biyar.

"Tanimu, Baffa ya ce ka zo jibi Asabar da hantsi. Ya ce jikinsa yana gaya masa magana, ba ya so ya tafi da kai a ransa."

Ta kashe kafin ya amsa. 

Baffa Ilu ƙanin mahaifinsa ne, shi ya riƙe shi tun yana shekara shida da uban ya rasu, shi ya sa shi makaranta, shi ya yi masa aure. Shi ne kuma Sarkin Ɗorin tsohon gari, wanda ake kawo wa karaya tun daga ƙetaren iyaka. Shekara tara da suka wuce, a wani taro da aka watsa wa duniya, Tanimu ya ce zamanin kara da tsumma da tofi ya wuce, masu ɗori su nemi wata sana'a. Wani ɗan jarida ya ce, "Ai Baffanka ma maɗori ne." Tanimu ya yi dariya ya ce, "Shi ya sa na sani." Zaure guda ya ji maganar nan a rediyo, Baffa yana zaune a tsakiya. Bai ce uffan ba, ran nan ko bayan nan. Tanimu kuwa kunya ta hana shi zuwa wata guda, wata ya zama shekara, shekara ta zama tara. A tsakanin nan idon tsoho ya tafi, yanzu yana da shekara casa'in da ɗaya.

Da ya koma gida ya gaya wa Baraka, ta ajiye abin da take yi ta dube shi.

"Baban Zulai, da wane ƙugu za ka durƙusa?"

Ta ci gaba:

"Ni nake wanke wandunanka, na ga yadda ƙafar hagu take yawo a ciki. Ka kashe goyon nan, ka ɗauki sanda, ka shiga kana ɗingishi kamar kowane majinyaci. Wa zai ce mai sanda ya tsuguna? Kujera ma da gudu za su kawo maka, su haɗa maka da sannu."

"Allon fa? Duk gari ya ga ina gudu."

"Allo ne ya riƙe ka kana maraya?"

 Ranar Asabar ita da kanta ta sa sandar asibiti a mota.

Suka sauka hawa tamanin, motar ta tuƙa kanta ta bi da su Ƙofar Marusa, ta shiga tsohon gari inda har yanzu ake shafe katanga da hannu. A hanya Tanimu ya ce, "Rakiya." Nan take ƙafar hagu ta saki kamar jiƙaƙƙen tsumma, wani ciwo da ya manta da shi ya taso daga ɗinkin ya bi cinya. Ya cije. Ya ce a ransa taku hamsin ne daga bakin lungu zuwa ƙofar Baffa, ko da rarrafe zai kai.

Amma labarin zuwansa ya riga shi isa. Mota tana tsayawa a bakin lungu, jama'a suka yi caa a kanta. Ƙudajen hoto, 'yan na'urorin nan masu tashi da kowa ke yawo da su a aljihu, suka cika sama suna zuzu. Ana ta cewa ga mai kwana uku, ga mai kwana uku. Wata tsohuwa da ke jan ƙafa ta dafa gilashin mota ta ce, "Ɗan nan, Allah ya sa mu ma mu samu irin naka kafin mu mutu."

Tanimu ya dubi sandar. Ya dubi ƙudajen. Kai, ɗan Adam. Yatsa ya tafi bayan kunne kamar ba shi ya aike shi ba.

"Goyo."

Baraka ta miƙa hannu za ta ɗauko sandar, ya ce, "Bar ta." Ya riga ya shirya wa kansa dabara: tsoho mara lafiya ai a ɗaka zai same shi, shi kaɗai, ya raɗa masa gaskiya a kunne ba wanda ya ji. Baraka ta ce, "Hm," ta gyara mayafi ta nufi ƙofar mata. Shi kuwa ya fito ya ratsa lungun nan ƙirji a gaba, yana ɗaga wa mutane hannu.

Takalman da ya gani a ƙofar zaure su suka fara gaya masa dabararsa ta rushe. Sun fi ƙafa talatin. Ya manta, ko kuma zaman bene ya mantar da shi, cewa abin da aka ɓata a bainar jama'a, a bainar jama'a ake gyara shi. Baffa ya tara dangi da maƙwabta da limamin unguwa su zama shaida. Duk suna zaune a tabarmi, shi kuma yana kan buzunsa jingine da bango, ya rame ya zama ɗan mitsitsi, sandarsa ta gora a kwance gefensa. Babu kujera ko ɗaya a zauren, don ba a taɓa buƙatarta ba.

A gidan nan kowa ya san yadda ƙarami ke gaida babba. Ka tuɓe takalmi, ka shigo, tun daga nesa ka zube, kanka a ƙasa, muryarka a ƙasa. Wanda ya zo neman gafara kuwa har ya fi haka ƙasa.

Tanimu ya yi sallama, aka amsa. Ya zame takalmi. Ya taka zuwa tsakiyar zaure, ya lanƙwasa gwiwa ya fara sauka. Ya kai daidai tsayin kujera sai ya ji ƙas a cikin ƙugu, jijiyoyin roba suka tsuke, suka miƙar da shi tsaye kyam.

"Takunkumi," in ji muryar a kunnensa. "Ƙarfin tsoka, ashirin da tara cikin ɗari. Ba a yarda ba."

Ga wanda ke kallo, abin ya yi kama da mutumin da ya fara rusunawa sai ya tuna ko shi wane ne ya fasa. Ya sake gwadawa, na'ura ta sake miƙar da shi. Ya motsa leɓe ya ce, "Buɗe. Ni ne."

"Dokar Injiniya Tanimu Sallau: ko maƙeri ba shi da izini."

Gunaguni ya fara tashi ƙasa-ƙasa a zauren. Wani dattijo ya ce, "Shekara tara, kuma a tsaye." Daga bayan labulen ƙofar cikin gida muryar Yaya Kulu ta fito: "Tanimu, a gaban Baffa?"

Da ƙasa za ta tsage da ya shige, amma ko shigar ma ai sai an sunkuya. Ya haɗa hannu a ƙirji, ya sauke kai iyakar inda wuya ya kai, ya ce, "Baffa, ina kwana."

Tsoho ya karkata kai, ya juya kunne sama.

"Muryar Tanimu nake ji," in ji shi, "amma daga wajen azara take zuwa. Tsawo ka ƙara ne?"

Ba wanda ya yi dariya.

"An ce mini ka warke cikin kwana uku. Na ce madalla, yaro ya fi mu, abin da muke nema ke nan. Wallahi na yi murna, Liman shaida ne. To tunda ka warke, tsayuwar ta mece ce?"

Nan fa Injiniya ya ga gaba kura baya siyaki. In ya yi shiru, ya tabbata mai girman kan da ya zo ya tsaya wa makahon uba a ka, kuma gafarar da ya zo nema ta wuce shi har abada. In ya yi magana, ga ƙudajen hoto nan sun cika ƙofa, kafin azahar duk Katsina ta sama da ta ƙasa ta ji. Ya dubi hannuwan tsohon, waɗanda suka yi masa wanka yana yaro, a ajiye kan gwiwa.

"Ban warke ba, Baffa."

"Ɗaga murya, kunnen ma ya fara bin idon."

"Ban warke ba. Ƙarya na yi. Ƙarfe ne yake tafiya da ni, ni ko taku goma ba zan iya da kaina ba. Kunyar sanda na ji, na ƙi motsa jikin da aka ce in yi. Yanzu abin da na ƙera da hannuna ya hana ni durƙusa maka."

Ya ji zuzun ƙudajen ya ƙaru a bayansa. Bai waiwaya ba.

"Matso," in ji Baffa.

Ya matsa har gwiwarsa ta kusa taɓa kafaɗar tsoho. Baffa ya ɗaga hannu ya laluba, ya kama cinyar dama ya matsa, ya koma ta hagu ya matsa, ya bi ta da babban yatsa daga gwiwa zuwa sama, yadda ya yi wa dubban ƙafafu. Na'urar Tanimu sai da majiya goma sha biyu take gane abin da yatsan nan ya gane cikin numfashi guda.

"Wannan cinya rabonta da aiki ya fi wata," in ji shi. "Ƙarfen kuwa ya zauna daidai, aikinka ya yi kyau. Kai ne ka ƙi zama." Ya saki ƙafar. "To. Ni ba na yin maganar gafara da mutum ina ɗaga masa kai, kai ma ba za ka roƙe ta kana leƙo ni ba. Tunda ba ka iya saukowa, bari ni in taso."

Zaure ya ruɗe. Liman ya ce, "Haba Sarki, ka yi zamanka, an ji uzurinsa." Mutum biyu suka miƙo hannu, Baffa ya ture su. Wata huɗu ke nan ba ya tashi sai an ɗaga shi, kowa a wurin ya sani. Ya lalubo gorarsa ya kafa ta a ƙasa, ya jawo ƙafa ɗaya, ya dafa bango. Gwiwarsa ta yi ƙara. Ya taso kamar taƙi guda, ya koma daɓas, hularsa ta faɗi.

Tanimu ya zabura zai tallafe shi. Ƙas.

"Takunkumi. Ba a yarda ba."

Hannunsa ya tsaya a iska, bai kai ko kafaɗar tsoho ba. Hular da ta faɗi kusa da yatsun ƙafarsa ma ba zai iya ɗauka ba. Haka ya tsaya a miƙe, cikin babbar rigarsa mai aiki, yana kallon mai shekara casa'in da ɗaya yana kokawa da ƙasa saboda shi. Duk kunyar da ya ji a asibiti, ta rigar da ke buɗe da ta ƙofar banɗaki, in aka tara ba ta kai ƙwayar wannan ba. Hawaye ya zubo masa bai ma share ba.

A karo na uku Baffa ya miƙe, yana haki. Da babba ya tashi kuwa ba mai zama, sai zauren duka ya miƙe tsaye. Fuskar tsoho ta zo daidai ƙirjin Tanimu.

"To, faɗi abin da ya kawo ka."

"Baffa, ka yafe mini. Na ci mutuncinka a gaban duniya, kuma na ƙi zuwa."

"Maganar kara da tsumma tun ranar na yafe, ai da gaskiyarka a wani wurin. Rashin zuwan ne ya yi mini ciwo. Shi ma na yafe, duniya da lahira. Jama'a kun ji."

Aka ce an ji, aka shafa fatiha a tsaye, abin da ba a taɓa yi ba a zauren nan.

"Yanzu sauka daga bayan abin nan," in ji Baffa.

Tanimu ya ce, "Rakiya." Ƙafar ta saki, ya yi tangaɗi, sai ya ji an cusa masa abu a hannu. Gorar Baffa ce, ta yi santsi don shekaru. Tsoho ya koma ya jingina da Liman.

"Kullum taku kaɗan, gobe ka ƙara ɗaya. Ƙashi da nama ba su san sarauta ba, ba su san boko ba, kwanansu suke ƙirgawa. Ranar da ka iya tsugunawa ka dawo ka gaishe ni yadda ake gaisuwa, in ka same ni."

Taku hamsin ɗin nan na komawa mota sai da suka ci rabin sa'a. Baraka tana gefensa, ba ta riƙe shi ba, ba ta kuma ce ai na gaya maka ba. Jama'a suka dare, ƙudaje suna bin sa. Tsohuwar nan mai jan ƙafa ta dube shi, ta dubi gorar, ta ce, "Ashe kai ma namu ne. Sannu." Daga bakin lungu ana hango allon Katsina ta Sama can nesa, mutumin ciki yana ta haura matakala da gudu.

Kafin sati ya zagayo an sauke allon. Kamfani ya kulle goyo a minti goma, ya kuma sauke Tanimu daga shugabancin sashen ƙira. Bai yi musu ba. Shi da kansa ya kira Sista Asabe, ya shirya jin faɗa. Ba ta yi ba. Ta dubi alƙaluman majiya kawai ta ce, "Da ka riƙe tun farko, da ranar Asabar ɗin nan ko kafin ta takunkuminka ya buɗe. Yanzu tsokar ta lalace, sai mun ninka. Matse. Riƙe."

Ya matse, ya riƙe. Ya jawo diddige sau dubbai. Ya je Juma'a da gora, ya zauna a kujerar gefe cikin tsofaffi, yana jin idon mutane a ƙeyarsa. Kullum da safe muryar tana ƙara ɗaya, wata rana rabi, wata rana ba komai. Tana kan hamsin da takwas cikin ɗari Yaya Kulu ta kira da hantsi, tun kafin ta yi magana ya gane. A wurin zaman makoki shi kaɗai aka kawo wa kujera.

Kwana goma sha tara bayan an binne Baffa, Tanimu yana tsaye a baranda, na'ura ta ce, "Ƙarfin tsoka, saba'in cikin ɗari. An buɗe takunkumi."

Bai gwada a gida ba. Ya sauka hawa tamanin, ya bi Ƙofar Marusa, ya ratsa lungu ba wanda ya kula shi. Zauren ba kowa, an naɗe tabarmi, buzun ne kaɗai Yaya Kulu ta hana a ɗauke. Ya tuɓe takalmi, ya jingina gorar a inda take kwanciya. Ya lanƙwasa gwiwa ya fara sauka, ya wuce tsayin kujera yana jiran ƙas, bai ji komai ba. Ƙwallon titaniyam ya juya cikin kwarminsa sumul, yadda aka ƙera shi ya yi, har gwiwa ta taɓa ƙasa.

"Baffa, ina kwana," in ji shi.

Wannan karon muryar daga ƙasa ta fito. Ya daɗe a durƙushe yana jiran a amsa.